Tes ɗin asibiti ya ce kar a ba jariri ruwa, Hajiya kuma tana ba ta, ya zan yi?

Maman Afnan, Rikkos:
Assalamu alaikum mutanen gida, dan Allah shawara nake nema. Lokacin da nake zuwa awo a ƙaramin asibitin unguwarmu sun karɓi lambata suka ce za su dinga turo min saƙo kan ciki da shayarwa, kuma gaskiya sun cika alkawari, tun cikina na wata bakwai tes yake shigowa sau biyu a sati har yanzu da yarinyata ta kusa cika sati goma. Na jiya cewa ya yi kar a ba jariri ruwa ko da ana zafi, nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. Toh matsalar ita ce Hajiyar maigidana ce take kula da ni tunda ban je gida wanka ba, kuma wlh ba ta rage ni da komai ba, a sanyin nan na Jos ita take tashi da asuba ta dafa mana ruwa, amma kullum in ta gama yi wa yarinyar wanka sai ta ɗura mata ruwan ɗumi cokali biyu ko uku, tace iskar hunturu na busar mata da maƙogwaro, ita haka ta raini 'ya'ya tara. Ga waya a hannuna tana cewa kar a ba ta, ga Hajiya a gabana ni kuma bakina ba zai iya ce mata ta daina ba, 'yar fari ce, ko nonon ma ina jin nauyin ba ta a gabanta. Ya zan yi?

Ummi Gangare:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya Afnan. Wlh kamar ke kika shiga gidanmu kika gani, ni har zuma aka lasa wa nawa ranar da muka dawo daga asibiti ban iya cewa komai ba

Sista Rahila:
Maman Afnan sannu da jego. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin haihuwa, bari in fara da cewa abin da tes ɗin ya faɗa daidai ne. Nonon uwa fiye da kashi 80 cikin ɗari ruwa ne, wanda yake fara fitowa in yaro ya kama ma tsararo ne yana kashe ƙishi, sai can ya yi kauri ya ƙosar. Shi ya sa in yaro yana jin ƙishi maganin shi ne a ƙara sa shi a nono. Illar ruwa biyu ce. Na farko cikin jariri ƙarami ne, ranar da aka haife shi abin da zai ɗauka a lokaci guda bai wuce kamar ƙaramin cokalin shayi ba, in ruwa ya cika gurin toh nono bai samu guri ba, yaro ya rage tsotso, in ya rage tsotso nonon uwar ya ragu, daga nan a ce ai ba ta da nono a kawo madarar gwangwani. Na biyu kuma ko ruwan an dafa shi, cokalin fa? kofin fa? ta nan gudawa take shiga. Hukumar lafiya ta duniya da UNICEF abu uku suka tsaya a kai: a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla har wata shida, sannan a fara ƙara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Ummi ke kuma batun zuma, dan Allah kar a sake kafin ya shekara, akwai wata ƙwayar cuta da kan zauna a cikin zuma wadda hanjin babba yake iya da ita amma na jariri ba ya iyawa, tana saki jikin yaro har numfashi ya gagara.

Hajiya Kaka:
Ni dai bari in yi magana a matsayin suruka kuma kaka, don na ga ƙura ta fara tasowa ta wajenmu. 'Yan nan ba mu ƙi 'ya'yanku ba. Mu da muke ba da ruwa tausayi ne yake sa mu, ka ga leɓen yaro ya bushe zuciyarka ba za ta bar ka ba. Kuma ku tuna mu ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana wannan bayanin da Sista ta yi yanzu. An kira ku a asibiti an yi muku lacca, an turo muku saƙo a waya, mu da muke wanke yaron mu goya shi mu kwana da shi an bar mu a gida, sai kawai yarinya ta ɗago waya tace an ce a daina. Wa ya ce? Ba mu san shi ba, ba mu ga fuskarsa ba. In da za a turo min nawa da Hausa a murya, a ce Hajiya ga dalili kaza, wallahi ni zan fi kowa tsarewa, don ni ma na binne ɗa ɗaya da gudawa yana wata huɗu, har yau ina tuna nauyinsa a hannuna.

Maman Afnan, Rikkos:
Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa mai ceto ne. Wlh ban kawo maganar don a zagi surukai ba, tawa uwa ce a gurina. Kuma kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, saƙon da Turanci yake zuwa, ni nake juya shi a raina, in zan faɗa mata sai ya zama kamar ni ce nake koya mata raino.

Abban Sadiq:
Ku yi haƙuri in sa baki duk da maganar ta mata ce. Matata ba ta da waya lokacin cikinta na biyu, ta faɗi a ruwa, sai ta ba da lambata a wajen awo. Kusan wata guda ina goge saƙonnin ban karanta ba, na ɗauka irin tallan nan ne na kamfanin waya da suke cinye wa mutum kati. Wata rana ina shago a Terminus ba ciniki na buɗe ɗaya, ya yi magana kan nonon farko mai ruwan ɗorawa, dakashi, cewa kar a matse a zubar shi ne rigakafin farko na yaro. Na tsaya, don a haihuwar farko da idona na ga an matse an zubar wai datti ne, aka yi kwana biyu ana ba yaron ruwan sukari. Da ta haihu ni da kaina na je na sami Inna na durƙusa na ce Inna likitoci sun roƙi alfarma, ta ɗan yi faɗa amma ta bari. Abin da nake so in ce, maganar da suruka ba za ta iya faɗa ba ɗa zai iya faɗa wa mahaifiyarsa cikin ladabi. Maman Afnan ki nuna wa maigidanki tes ɗin, aikinsa ne wannan ba naki ba. Sannan duk wadda ta yi rajista saƙo bai zuwa ta duba ko ta taɓa tura STOP zuwa 2442, wannan yana toshe saƙonnin da ake turawa jama'a da yawa a lokaci guda.

Maman 'Yan Biyu, Anguwan Rogo:
Ni fa ban yarda da wannan tes tes ɗin ba gaskiya. Ba wai ƙarya suke faɗa ba, amma wanda ya rubuta bai san gidana ba. Ina shayar da biyu, wani lokacin tun kokon safe sai dare zan sa wani abu a bakina, sai waya ta yi ƙara in duba wai ki ci abinci mai gina jiki ki sha ruwa da yawa. Da suka shiga wata shida kuma wai ki ba su ƙwai kullum, nama, kifi, kun san nawa ƙwai ɗaya yanzu? Ranar sai da na yi kuka don ji na yi kamar ana nuna min na gaza. Saƙo ba ya cika ciki, in da gaske ake a taimaka wa uwa da abinci.

Ummi Gangare:
Allah sarki Maman 'Yan Biyu, Allah ya hore. Wannan ma gaskiya ce

Sista Rahila:
Maman 'Yan Biyu ba ki gaza ba, mace da take shayar da biyu a wannan tsadar ba mai ce mata ta gaza. Kuma na yarda da ke, saƙon da zai ce nama da kifi kullum an rubuta shi ne ba a leƙa kasuwa ba. Amma abu ɗaya nake so ki riƙe, jikin uwa yana ci gaba da yin nono mai kyau ko abincinta bai kai yadda ake so ba, ita ce take ramewa, shi ya sa kuɗin da za a kai wa madarar gwangwani ɗaya gara a sayo wake da gyaɗa da gero a ciyar da ke. Na yaran kuma mu a Filato Allah ya ba mu abin da wasu ba su da shi. Kunun acca ko tamba ko gero a dama shi da kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube shar ba, a sa garin gyaɗa ko waken suya da aka soya aka niƙa, ɗan manja kaɗan. Dankalin turawa a dafa a murƙushe da wake, fiya in lokacinta ne, kabewa, garin zogale, garin ƙananan kifin nan busassu ko cokali ɗaya. Ko gwate kika yi ki ɗebi nasu kafin ki sa yaji ki dama ya yi laushi. Daga wata shida zuwa takwas sau biyu zuwa uku a rana, daga wata tara sau uku zuwa huɗu, nono na nan a kai. Babban kuskuren da nake gani kullum shi ne koko tsararo a fida, yaro ya sha cikinsa ya yi tim amma ruwa ne kawai.

Ummu Hanif:
Ina karanta kiwon lafiyar al'umma, kuma wannan muhawarar taku ita ce ainihin abin da bincike ya nuna. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida suke kan nono zalla, kuma ba don mata ba sa shayarwa ba ne, kusan kowa na shayarwa, ruwan nan ne yake karya lissafin. Nan maƙwabtanmu Bauchi an gwada wani abu aka buga sakamakon a 2014, da matan ƙungiyoyin bashi na sana'a. Ba tes kaɗai aka tura musu ba, an haɗa da saƙon murya, ƙaramin rukuni na mata suna da waya ɗaya su saurara tare, ana musu bayani a taronsu na wata, su kuma su mayar da saƙon waƙa ko wasan kwaikwayo su yi wa sauran. Waɗanda suka shiga kashi 64 sun kai wata shida a nono zalla, waɗanda ba su shiga ba kashi 43. Ni abin da na fahimta a ciki, wayar tunatarwa take yi, amma mata 'yan uwanta da suka ji tare da ita su ne suke ba ta ƙarfin gwiwa in ta koma gida. A Indiya ma shirin gwamnatinsu Kilkari kira yake yi da murya sau ɗaya a sati tun daga ciki har yaro ya shekara, saboda sun san ba kowa ke karatu ba. Afirka ta Kudu kuma suna da MomConnect tun 2014, a nan uwa tana iya mayar da tambaya a amsa mata.

Hajiya Kaka:
Yauwa 'yar nan, ka ji magana. A tara mu a gaya mana. Mu da Alkur'ani ya riga ya ce mana shekara biyu cikakku a suratul Baƙara, ai ba baƙon abu ba ne a gurinmu, ruwan ne kawai ba mu sani ba.

Maman Joy, Bukuru:
Mu ma a zumuntar mata na coci haka muke yi, in wata ta samu saƙo sai ta karanta wa sauran bayan sujada, tsofaffi su yi tambaya. Amma ni tawa damuwar daban ce, ina aiki a wani shagon magani, sati takwas aka ce in dawo ko a ɗauki wata. Saƙo yana ce min wata shida, mai shago yana ce min Litinin. Na fara matsewa a kofi mai murfi in bar wa ƙanwata amma ba mu da firij mai aiki, wuta sai ta ga dama, kullum ina tsoron ko ya lalace kafin ta ba shi. Awa nawa yake yi a waje?

Sista Rahila:
Maman Joy in kin wanke hannu kin matse a kofi mai tsabta kin rufe, awa huɗu yana nan lafiya a ɗaki, ki ajiye a inda ya fi sanyi ba kusa da murhu ko taga mai rana ba. A firij mai wuta tsayayya yana kai kwana huɗu, amma da irin wutarmu kar ki dogara da wannan. Kar a tafasa shi, a sa kofin cikin ruwan ɗumi kawai, kuma a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, fida tana da wuyar wankewa. Ki ba shi ya ƙoshi kafin ki fita, ki matse na rana, in kin dawo da dare ki bar shi ya sha yadda yake so, tsotson dare yana riƙe nono sosai.

Abban Sadiq:
Maman Joy dokar ƙwadago ta ƙasa ta ba mai haihuwa hutun sati 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, kuma in ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Kaduna ma ma'aikatan jiha wata shida suke samu. Na san a ƙananan shaguna ba a cika bi ba, amma ki sani haƙƙinki ne in za ki roƙi a bar ƙanwarki ta kawo shi da rana.

Nana Farin Gada:
Wani abu da ba a taɓo ba, ba duk saƙo ne na asibiti ba fa. Ni bayan na haihu da sati biyu wata lamba ta fara turo min a WhatsApp, da farko shawarwari masu kyau, yadda ake sa yaro gyatsa da sauransu, sai a hankali aka fara wai in yaronki yana yawan kuka alama ce nono bai ishe shi ba ga madara kaza da rangwame. Saura kaɗan in saya don lokacin yana kuka da yamma sosai. Har yau ban san inda suka samu lambata ba.

Ummu Hanif:
Nana wannan ya saɓa ƙa'ida. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta hana tallata madarar jarirai kai tsaye ga iyaye mata, kuma a nan NAFDAC ce take sa ido a kai, za ki iya ɗaukar hoton saƙon ki kai musu. Duk saƙon da ya ƙare da sunan kaya da farashi ki san ba don yaronki aka turo ba.

Sista Rahila:
Kuma kuka kaɗai ba shaida ba ce. Abin da muke dubawa fitsari da sikeli. Bayan kwana biyar na farko in yaro yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin ba ja ba, yana kama nono sau takwas zuwa goma sha biyu, nauyinsa na hawa a katin awo, toh yana samu. Amma in ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko maɗigarsa ta faɗa, ko numfashi na fita da sauri, wannan ba na jiran tes ba ne, a ɗauke shi a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Ni da za a tambaye ni yadda za a gyara saƙonnin nan zan ce a tambayi uwa yaren da take so, Hausa ko Berom ko Turanci, rubutu ko murya, a tambaye ta wayar tata ce ko ta maigida, saboda akwai matan da suke kan maganin da ba kowa a gidan ya sani ba, saƙo ɗaya ya faɗa hannun da bai dace ba ya kashe aure. Kuma a sa lambar da za a kira mutum ya ɗauka, don mace mai tsagewar kan nono ƙarfe biyun dare ba karatu take buƙata ba, so take wani ya ce mata gyara kamun, bakinsa ya buɗe sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye ba kan kaɗai ba. Maman Afnan in kin yarda zan yi miki saƙon murya da Hausa, da gaisuwa da komai, wanda za a kunna wa Hajiya.

Maman Afnan, Rikkos:
Wayyo Sista da kin gama min komai, dan Allah ki yi. Na gode Allah ya saka

Maman 'Yan Biyu, Anguwan Rogo:
Sista na gwada kunun da kauri yau da garin gyaɗa, Hassana ta shanye Hussaini ya tofar sau uku. In ci gaba ko in koma tsararon?

Sista Rahila:
Ki ci gaba, sabon abu ne a bakinsa, wani yaron sai an gwada masa sau da yawa kafin ya karɓa. Kar ki ɗura, ki zaunar da shi ki ba shi kaɗan kaɗan lokacin da bai gaji da kuka ba.

Maman Afnan, Rikkos:
Salam, na dawo da bayani tunda na yi alkawari. Abban Afnan ne ya kunna wa Hajiya muryar Sista bayan sallar isha'i, ni ina ɗaki ina ji. Ta saurara har ƙarshe tace a sake kunnawa. Abin da ya fi shigarta maganar cokali da kofi ce, tace ita ruwan take dafawa ba ta taɓa kawo cokalin a ranta ba. Ba ta ce ta yarda duka ba, tace za ta bari sati ɗaya ta ga, kuma ita da kanta za ta dinga ƙirga nafkin. Jiya bakwai ta ƙirga. Yau Alhamis muka je rigakafin sati goma tare da ita, ta tsaya kan sikelin sai da nas ta nuna mata layin a kati yana hawa, ta kuma tambaya ko ruwan zamzam ma a dakata, nas tace a ajiye mata shi har ta cika wata shida, ko kuma ni in sha. Da za mu fito tace a rubuta lambarta ita ma a dinga turo mata, suka ce tsarin nasu lamba ɗaya yake ɗauka kuma rubutu ne kawai.

Hajiya Kaka:
Toh Sista, tunda nasu bai ɗauka, ke ki taimaka ki dinga yi mana na murya ko sau ɗaya a sati a nan, mu tura wa 'yan uwanmu. Ni ina da jikoki biyu a hanya, ɗaya watan gobe.

Sista Rahila:
Zan yi Hajiya, duk Asabar da yamma in ba ni da dutin dare. Na wannan satin kan dakashi zan yi tunda kina da mai haihuwa watan gobe, ki turo min tambayoyin da kika san za a yi miki a gida kafin Juma'a.